Zaman Dirshan a Falon Maigida

Shekarar da Saudiyya ta ɗora wa baƙi kuɗin kai a kan iyalansu, maigidana ya yi dogon nazari irin na injiniya, ya gano cewa ni da yara ne muka yi wa gidan yawa. Ƙatuwar motarsa mai shan mai kuwa ba ta yi yawa ba. Ya ce bayan Sallah mu koma Kano. Raina ya ɓaci matuƙa, na yini ina kuka.

Maƙwabciyata a unguwar Badi'a ta Riyad nas ce, 'yar Ibo, ita kaɗai take riƙe da 'ya'yanta biyu. Da na ba ta labari sai ta tuntsire da dariya.

"Hajiya, kakata ta ga irin wannan. Da Bature ya aiko a ƙirga mata da awakinsu don haraji, zuwa suka yi suka zauna wa basaraken da ya naɗa. Waƙar zambo, rawa, dukan bango da taɓarya, har sai da ya cire hular sarautar."

"A Riyad? Shurɗa, 'yan sandansu, su kwashe mu?"

"Wa ya ce titi? Falo."

Ranar Juma'a matan gidan benenmu suka cika falon, kowa ta tuɓe abaya ta miƙe ƙafa. A garin nan namiji ba ya kutsa kai inda mata suka yaye mayafi, ko da shi yake biyan haya. Maigida ya dawo daga masallaci, ya tarar da tulin takalma. Ya yi sallama, muka haɗa baki: "Akwai mata!" Ya zauna a matakala, zufa tana tsiyaya. Muka daka sakwara a turmi, muka yi wa motarsa waƙa, amshin da yaren Ibo, wanda har yau maƙwabciyata ta ƙi fassara mini. Naman da ya sayo ma mu muka cinye.

Wata Juma'ar muka sake. Bai jira ta gaba ba, ya sayar da motar, ya sayo wata 'yar ƙwarya-ƙwarya, ya sabunta mana iƙama, takardar izinin zama, yana cika yana batsewa.

Da shekara ta zagayo kuɗin ya ninka. Albashin maƙwabciyata bai iya ɗauka ba, kuma ba ta da motar sayarwa. A 'yar motar nan maigida ya kai mu filin jirgi, ta miƙa 'ya'yanta ga wata mai komawa gida.

A hanyar dawowa na ce, "Madam, yanzu wa za mu zauna wa?"

Ta share ido da gefen mayafi. "Hajiya, wannan da ya ɗora kuɗin, ko ƙofar falonsa ba mu sani ba."