Idon Surukina na Dama

Har gobe ban manta da wata Talata ba, ranar da aikin nas ya sa na buɗe idon surukina da yatsu biyu na leƙa ciki. 'Yan ajinmu sun sha jin gutsuren labarin. Ku kuma yaranmu da ke karatun nas yanzu, tunda kun matsa a zauren nan sai na ba ku shi cikakke, to ga shi.

Lokacin Jigawa ba ta ma zo duniya ba, duk muna Jihar Kano. Kuɗin mai sun fara shigowa, an jibge mana sababbin gadaje a asibitin da aka tura ni koyon aiki a Birnin Kudu, amma likita ɗaya ne tak, wani Bamisire mai kaurin gashin baki, wanda ya daɗe a ƙasar nan har Hausa ta zauna a bakinsa. Ni kuwa ɗalibi ne ɗan shekara ta biyu, ga farin kaya, ga gashi an tara tuli guda, ina tafe ina shan ƙamshi kamar ni na gina asibitin. A tsarin aiki ɗalibi shi ne can ƙasa. Samansa sitaf nas, saman sitaf nas Sista mai riƙe da ɗaki, sannan likita. Tamu a ɗakin maza ita ce Sista Asabe, gajeriya, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka shiga taitayinka.

A lokacin an riga an kai gaisuwata gidan su Hajara a Fagam, can ƙasar Gwaram. Mahaifinta manomi ne. Har yau ba na faɗin sunansa, Baba nake cewa. Kun san yadda abin yake a wajenmu: suruki ba a haɗa ido da shi. In ka hango shi a hanya ka tuɓe takalmi ka tsugunna, kanka a ƙasa. Ni dai na fi sanin yatsun ƙafar Baba a kan fuskarsa.

Bayan azahar sai ga motar kasuwa ta tsaya, aka shigo da wani dattijo yana takawa da ƙafarsa, ƙaninsa na riƙe da shi. Ina ganin ƙanin na gane Baffa Idi. Ashe dattijon Baba ne.

Abin da ya faru, da hantsi Baba ya hau rumbu zai gyara jinka, tsani ya zame, ya faɗo gefen kansa na dama ya bugi bakin turmi, daidai saman kunne. Ya ɗan suma, aka yayyafa masa ruwa ya tashi, har ya sha fura yana yi wa mutane faɗa wai sun cika zuzuta abu. Da ya yi amai sau biyu ne malamin asibitin Gwaram ya ce maza a wuce da shi Birnin Kudu.

Sista ta duba shi da kanta. Yana magana tsaf, ciwon kai kawai yake kuka da shi. Ta haska idanunsa, ta ce lafiya lau, ta rubuta. Sai ta juyo kaina.

"Garba, gado na huɗu naka ne. Duk bayan minti goma sha biyar."

Ta miƙo min tocila da takardar lura. Ga wanda bai sani ba, takardar lura ita ce wadda ake cike wa mai rauni a ka. Za ka ƙirga bugun jini, ka auna hawan jini, ka kira shi ka ji ko zai amsa, sannan ka ɗaga fatar ido ka haska. Ɗigon nan baƙi da ke tsakiyar ido, wanda muke cewa ɗan ido, shi ake kallo. Na mai lafiya, dama da hagu girmansu ɗaya, kuma in haske ya taɓa su sai su tsuke. A takardar akwai gurbin da za ka zana ɗigo biyu daidai girman da ka gani.

Da na yi hankali, a nan zan ce, "Sista, surukina ne, a ba wani." Kunya ta hana. Na je na tsugunna a gaban gado na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, ya ce, "Yaro, ana ta aiki?" Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba."

Zagayen farko na riƙe hannunsa ina kallon agogo, kaina a sunkuye. Wannan kaɗai sai da na yi gumi. Da aka zo kan ido sai hannuna ya ƙi tashi. Na ce a raina mutumin da ke magana ai lafiyarsa ƙalau. Na zana ɗigo biyu iri ɗaya, na yi gaba.

Zagaye na biyu na tarar ya yi barci, har da minshari. Baffa Idi na zaune a gefe yana yi masa fifita da hula.

"A hankali, Malam Garba," ya ce min ƙasa-ƙasa. "Tun safe sai yanzu ya samu barci. Sauƙi ke nan ya zo. Kar a tashe shi."

Wallahi daɗi na ji, an ba ni mafita. Na ƙirga bugun jini, na ga ya ɗan ragu, na ce ai mai barci ne. Na sake zana ɗigo biyu.

Ashe Sista daga teburinta tana kallona ta saman tabarau. Ina shirin zagaye na uku ta taso, ta ɗauki takardar ta duba.

"Ka iya zane," ta ce. "Wane ido ka fara haskawa?"

Na dafa aljihuna.

"Tocilar nan tun da na ba ka take barci a aljihunka. Ko ta cikin aljihun take haskawa?"

"Sista, surukina ne."

Ta kalle ni, ta kalli Baba, ta kalli layin bugun jini da ke sauka a takardar. Ba ta yi min faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

"A ƙofar ɗakin nan surukinka ne. A kan gadon nan majinyacinka ne. Buɗe."

"Sista, ko ke za ki..."

"Kai za ka buɗe."

Baffa Idi ya kawar da kai. Na ce bisimillah, na sa yatsu na ɗaga fatar idon hagu. Ɗan idon ƙarami, haske na taɓa shi ya tsuke. Na koma na dama. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ɗigon ya buɗe ya cinye kusan duk baƙin idon, kamar ka leƙa tsohuwar rijiya. Na haska, na kashe, na sake haskawa. Ko motsi bai yi ba. Mutum ɗaya, fuska ɗaya, amma ido ɗaya na kallon duniya, ɗayan kamar ya riga ya fara kallon wani wuri.

Sista ta kira sunansa da ƙarfi, ta murza masa ƙashin ƙirji. Hannun dama ya taso zai ture ta, na hagu yana kwance kamar ba nasa ba.

"Likita. Da gudu."

Rabon da in yi irin wannan gudun tun ina firamare.

Likita ya zo, ya haska sau ɗaya, ya shafa kumburin saman kunnen. Sai ya ɗauki kwanon shan ruwan Baffa Idi mai murfi ya riƙe a gabansa, don shi yake so ya gane.

"Malam, kai kamar kwanon nan ne, a rufe yake, ba ya ƙaruwa. Ƙashi ya tsage a nan, ya yanki jijiya, jini na taruwa a ciki tun safe. Jinin ba shi da wajen fita, sai ya dinga tura ƙwaƙwalwa gefe da ƙasa. A ƙasan akwai wata 'yar matsattsiyar ƙofa. Ƙwaƙwalwar ta fara cusa kai a nan, ta danne jijiyar da ke tsuke ido. Shi ya sa wannan idon ya buɗe. In ta ƙara shiga, za ta danne inda numfashi yake. Wannan ba barci ba ne."

Baffa Idi ya ce, "To a kai shi Kano mana, Likita."

"Ba zai kai Wudil ba. Sai dai in huda ƙashin a nan, yanzu, jinin ya fita."

Baffa Idi ya yi salati. A huda kan yayansa kamar ana fasa duma? Ya ce shi ba zai iya yanke wannan shi kaɗai ba, sai an aika gida. Gida kuwa tafiyar rabin yini ce. Sai ya juyo wajena.

"Malam Garba, kai namu ne. Tsakaninka da Allah, me ka gani?"

Ni da ban taɓa yi wa surukaina magana mai tsawon layi biyu ba, na kama hannunsa na jawo shi bakin gado, na buɗe masa idanun biyu a tare.

"Baffa, duba da kanka. Kuma tun ɗazu ya kamata in gani, kunya ta hana ni."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ku yi. Allah ya ba da sa'a." Ya dangwala yatsa a takarda.

Kafin la'asar ta yi sanyi muna tiyata, an tada injin wuta, an aske gefen kan. Ɗalibi irina bakin ƙofa ne wurinsa, amma Sista ta ce, "Tunda idon ne ka ƙi kallo, yau kai ne mai gadinsa." Aka zaunar da ni a kan kujera wajen fuskar, ƙarƙashin koren ƙyallen da aka lulluɓe shi da shi, ni da tocilata.

Likita ya tsaga fata ya kai ga ƙashi. Abin hudawar da hannu ake juya shi, sak irin na kafinta. Ina jin ƙarar tana ratsa gadon tana shiga haƙorana. Ya tsaya, ya canza baki, ya ci gaba. Can sai na ji ya ce, "Ga shi." Na leƙo. Jini baƙi, daskararre kamar hanta, yana tuttuɗowa ta ramin da kansa. Ya faɗaɗa ramin, suka yi ta zuƙewa suna wankewa, har ya kamo jijiyar da ke zuba ya ɗaure.

"Garba, ido?"

"Yana nan yadda yake, Likita."

Aka ci gaba. Mai lura da numfashi ya ce bugun jini ya fara hawa.

"Ido?"

Na haska. Na ɗauka hannuna ne ke rawa, na sake. Gefen ɗigon ya ɗan motsa, kaɗan, kamar bakin jakar da aka fara jan zarenta. Na kashe tocila na ƙirga biyar, na kunna. Ya tsuke, a hankali, amma ya tsuke.

"Yana dawowa," na ce. "Likita, wallahi yana dawowa."

"Alhamdu lillah," ya ce, bai ko ɗago ba. "Ci gaba da kallo."

Na yi ta kallo. Na karanta wannan a littafi, na haddace don jarrabawa, amma ban san cewa mutum zai iya zama ya ga rai yana komowa ta wani ɗigo da bai kai ƙwayar dawa ba. Jijiya ɗaya siririya a can cikin duhun kai, ita ce ta aiko mana da saƙo waje, ta faɗi ciwon, ta faɗi ma ɓangaren da za a huda. Ina zaune ƙarƙashin ƙyallen nan ina ta tasbihi, hawaye na sauka a kan takunkumina.

Washegari da hantsi Baba ya buɗe ido da kansa ya nemi ruwa. Sista ba ta canza ni daga gadon ba. Na zo da tocila na tsaya ina inda-inda, don yanzu kam yana ganina. Ashe Baffa Idi ya riga ya kwashe labari ya faɗa masa.

"Yaro," ya ce, yana kallon rufi, "an ce jiya ka leƙa ni har ciki."

"Aiki ne, Baba. A gafarce ni."

"To zo ka yi aikinka. Ka duba da kyau, kar ka yi min na kunya."

Na ɗaga, na haska, muka kalli juna. Ɗigo biyu, kusan kai ɗaya. Wannan karon abin da na gani na zana.

Sista ta kira ni ofis daga baya. Ta ajiye takardar jiya a gabana, ta sa na ja layi a kan zanen ƙaryar guda biyu, na rubuta a gefe da hannuna cewa ban duba ba, na sa hannu. Ta ce, "Gurbin da ka bari babu komai, zan gani in je in duba. Gurbin da ka cike da ƙarya, shi ke kashe mutum." Ta ƙara min wata guda ina wanke fo na bayan gidan majinyata.

Baba ya koma Fagam da ɗan lotso a saman kunne. Hannunsa na hagu bai koma daidai ba, yana riƙe fartanya amma ba kamar da ba. Na tambayi Likita ko rabin awar da na ɓata ce ta jawo. Ya ce bai sani ba, kuma ni ma ba zan taɓa sani ba. Da wannan nake zaune har yau.

Don haka yarana, mai rauni a ka da ya tashi ya yi hira sannan ya kama barci, ku tashe shi, ko duk danginsa za su harare ku. Ku buɗe idon ku duba, ko na wane ne. In naku ne kuma kun san hannunku ba zai tashi ba, ku faɗa tun da wuri a ba wani. Mutanenmu kunyarsu gaskiya ce, ba na raina ta, ni ma da ita na tashi. Amma Baffa Idi ana nuna masa ido ya yarda, Baba kuwa da bakinsa ya ce in duba da kyau. Ni kaɗai ne na ɗauka ba za su iya ɗauka ba.

An ɗaura mana aure da Hajara bayan kaka. Muka koma yadda muke, in na hango shi in tuɓe takalmi in tsugunna, shi yana kallon gefe. Shekara goma sha tara Allah ya ƙara masa. Ban sake kallon cikin idonsa ba sai ranar da Baffa Idi ya matsa gefe ya ce, "Malam Garba, kai ka buɗe su, zo ka rufe masa."