Makullin Kofur Hauwa

Akwai wata safiyar Talata a ƙofar makarantarmu da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Malama ta ce kowace firfet mai barin aiki ta gaya wa masu karɓa abin da ya kamata su sani. Ni kun san ban iya tsayawa gaban taro ba, shi ya sa na roƙa a bar ni in rubuta. To ƙannena masu karɓar ƙofa, ga nawa.

Bari in fara da tsarin aikin. Tun da aka sake buɗe makarantu, 'yan sanda biyu ake turo mana nan Wulari. Sajan Bukar, mai igiya uku a hannun riga, shi ne babba, shi ke riƙe da bindiga a bayan buhunan yashi. Kofur Hauwa, mai igiya biyu, ita ke binciken mata. Can gaba wajen darbejiya an jera tsofaffin tayoyi. Duk wadda ta zo nan za ta tsaya, ta ajiye jaka, ta ɗaga hijabi da hannu biyu, ta juya, sai an kira ta sannan ta taho. Tsakanin tayoyin da ƙofa fili ne fetal, kuma a tsakiyarsa Kofur take tsayawa ita kaɗai. Firfet tana bakin ƙofa da usur. In Kofur ta ɗaga hannun hagu, ki busa, kowa ya kwanta a ƙasa. Shi ke nan aikinki.

Akwai wani ƙaramin abu da ba ya cikin doka. Kullum kafin ta fita filin, Kofur takan ciro wani makulli mai jan zare daga wuyanta ta miƙo min. "Riƙe min, Falmata." In an gama shiga ta karɓi abinta. Na ɗauka yana damun wuyanta ne, kuma kunya ba ta bar ni na tambaya ba.

Gaskiya a lokacin ba a son ta. Ɗalibai sun sa mata suna Ɗaga-Hijabi. Ya Bintu mai ƙosai, wadda ke shigowa da faranti kafin tara, kullum sai sun yi.

"Ke 'yar nan, na yi jika da ke. Jiya ba ki duba ni ba?"

"Na duba, Ya Bintu. Ta jiya na duba, ta yau ce ban gani ba. Ɗaga."

"Ƙosan ma ɗaga shi za a yi?"

"In akwai yaji, miƙo biyu in bincika."

A ranar da nake ba ku labari, layi ya yi tsawo har ya kai kwanar titi. Sai ga wata yarinya ta ɓullo ta gefen layi, ba ta sanye da kayan makaranta. Ba za ta wuce sa'ata ba. Hijabinta ruwan toka ne, ya yi mata yawa, gabansa ya kumbura, hannuwanta duka biyu suna ciki. Ni ƙafarta na fara gani: silifas ɗaya shuɗi, ɗaya ja, jan an ɗaure shi da tsumma. Ta zo kan tayoyi ba ta tsaya ba, ta tsallake.

Kofur ta ce, "Tsaya nan." Ta sake faɗa da Kanuri. Yarinyar ta dubi Sajan, ta ga bakin bindiga, sai ta ƙara sauri, ta nufi Kofur.

Hannun hagun Kofur ya tashi. Ban san ina da numfashi haka ba. Na busa usur ɗin nan har kunnena ya toshe, layi gaba ɗaya ya zube, farantin Ya Bintu ya kife, ƙosai yana gangarawa cikin yashi. Ni ma na kwanta, amma ta tsakanin buhu biyu ina ganin komai. Na ji ƙarar da bindiga ke yi in an ɗana ta.

"Kofur, kauce," in ji Sajan. "Kin tare min."

"Oga, ba ni dama."

"Ki kauce na ce. Yara ne a bayana."

Ba ta kauce ba. Tafiya ta yi, da gangan ta sa bayanta daidai bakin bindigar. Daga baya na ji cewa in mai ɗauke da bam ta riga ta matso, abin da ya rage shi ne a rungume ta a danne gwiwoyin hannunta, kada yatsunta su motsa. Haka ta yi. Takun ƙarshe da gudu ta yi shi, ta haɗa yarinyar da ƙirjinta ta ƙanƙame, ta runtse ido. Hularta ta faɗi. Na ga leɓenta yana motsi.

Ina jin wata 'yar aji ɗaya kusa da ni tana ta maimaita kalmar shahada a cikin yashi.

Sai kuka ya tashi daga cikin hijabin. Siririn kuka, mai cike da fushi, irin na jaririn da aka matse.

Kofur ta buɗe ido. A hankali ta ɗaga gefen hijabin, sai ga wata 'yar ƙafa ja tana shure-shure. Ta duba yarinyar sama da ƙasa yadda doka ta ce, sannan ta juyo ta ɗaga jaririn sama da hannu biyu don Sajan ya gani.

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Wasu na kuka, wasu na dariya, wasu duka biyun. Ya Bintu ta miƙe daga ƙasa ta rangaɗa guɗa, ta manta da ƙosanta. Sajan Bukar ya sauke bindiga ya zauna a kan buhu. Sannan ya ce, "Kofur, za ki kashe ni da hawan jini." Ta ƙame ta sara masa, da jariri a ɗaya hannun.

Sunan yarinyar Yagana. Daga ƙauye suka gudo ita da uwarta da ƙaninta, wato jaririn nan. An ce musu ana saukar da 'yan gudun hijira a wata makaranta, suka ɗauka tamu ce. Uwar tana can bayan kwana, ƙafa ta kumbura ta kasa ƙarasawa. Yagana ba ta taɓa ganin tayoyin bincike ba, kuma da ta ɗaga hannu da ta saki jaririn. Sajan ya ba su shayinsa da burodi, aka tsayar da keke mai ƙafa uku aka kai su inda ya dace.

Da Kofur ta zo karɓar makulli, sai da ta ɓamɓare yatsuna. Ya yi min shaida a tafin hannu. Ranar na daure na yi magana.

"Anti, kin san jariri ne?"

"Ina zan sani? In bam ne, gara ya tashi can nesa da ku. In ba shi ba ne, gara ban bari an harbe ta ba."

"To makullin fa?"

Ta mayar da shi wuya. "Na ɗakina ne, a Mafoni. Yarana biyu suna tashi daga makaranta da azahar. In wani abu ya faru a filin can, ba za a samu komai a jikina ba. Kada su dawo su tsaya a waje."

Washegari matan unguwa suka zo, Ya Bintu a gaba. Sun kawo mata sabuwar lafaya da humra, wata tsohuwa tana riƙe da kasko, turaren wuta yana tashi, irin tarbar da ake yi wa babbar baƙuwa. Tun daga kwana suke gaishe ta da Kanuri, "Wushe, wushe, 'yarmu." Kofur tana tsakiyar filinta, ido ya cika da ƙwalla. Ta bari suka iso kan tayoyi, ta ce, "Ku tsaya nan. Ɗaya bayan ɗaya."

Ya Bintu ta ajiye kaya, ta ɗaga mayafi sama da hannu biyu, ta juya har sau biyu. "Duba da kyau, 'yata. Ta yau ce."

Abin da na koya a ƙofa ke nan. A da ina ganin filin nan an bar shi ne don a wahalar da mu a rana. Ashe an auna shi ne yadda in abu ya tashi, mutum ɗaya zai ci, kuma mutumin ya san da haka tun kafin ya fito daga gida. Saboda haka ku zo da wuri, ku riƙe usur a hannu ba a jaka ba, kuma kada in ji sunan Ɗaga-Hijabi a bakin firfet. In ta miƙo makullin, ku karɓa da hannu biyu, ku tsaya inda za ta gan ku. Ni kullum da addu'a nake riƙe shi, har ta dawo ta ce, "Kawo, Falmata."