Baba Gajere da Goɗiyar Yayana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye gaban allo ina zana wa ɗalibaina yadda haske ke karkacewa idan ya shiga ruwa, sai wayata ta dinga motsi a aljihu. Ban saba ɗaukar waya a aji ba. Da ta ƙi yin shiru na duba, ya Baba Gajere, na ga 'yarka ce, likitar dabbobi. Na fita baranda da alli a hannuna. Ta ce, "Malam, Baba ya cika ɗazu. Za a yi jana'iza bayan la'asar." Na koma aji na tsaya ina kallon zanen, na rasa inda na tsaya.

Baba Gajere, sunan da kowa ya san ka da shi ke nan, kuma bai taɓa ɓata maka rai ba. Kakan ce gajartar ce ta ciyar da kai shekara ashirin a filin sukuwa, domin dokin tsere ba ya son mai nauyi. Da ka bar tsere ka buɗe barga a bayan gari, ka shekara talatin kana horar da dawaki da mahayansu. Waɗanda suka ɗauki kofuna ta hannunka suna da yawa, su za su ba da labarin gwanintarka. Ni ba na cikinsu. Darasi ɗaya tak na taɓa ɗauka a wurinka, na awa guda da 'yan mintoci, kuma yau shekara shida ina juya shi a raina.

Lokacin da yayana ya rasu, ya bar goɗiya bidi, mai sirkin fari a gashi, wadda ya shekara tara yana hawa. Ni ne autan gidanmu, amma Yaya ya ƙwace sunan ya ba ta, yana kiranta Auta, ni kuma na koma "wancan malamin". Da aka raba kayansa babu wanda ya nemi ya ɗauke ta, sai na kawo ta gidana na kafa mata turke a bayan ɗakin girki. Na hau doki tun ina saurayi, don haka ban ɗauka zan sha wahala ba. Hawan farko ta yi ta kaɗa kai tana tafiya a karkace, ta zubar da ni a kan yashi. Hawa na biyu ta zubar da ni a kan tsakuwa, na karya wuyan hannu, na yi mako shida ina rubutu a allo da hagu, yara suna dariya a ɓoye.

Maiɗakina ba ta ɓoye nata ba. Ta ce, "Baban yara, ko kai ko ita, ɗaya zai bar gidan nan. Ni dai ban shirya takaba ba." Ban ga laifinta ba. Na yi magana da dillali, muka tsayar zai zo ranar Asabar ya tafi da ita. Amma duk sanda na wuce ta bayan gida na ga goɗiyar nan tsaye, sai in ji kamar Yaya zan sake binnewa.

Na kira likitar dabbobi ta duba lafiyarta kafin a sayar. Ban san 'yarka ce ba sai ranar. Ta duba haƙora da kofato da ido, ta ce lafiyarta ƙalau. Sannan ta ce, "Malam, kafin Asabar ka kai ta wurin Babana. Awa guda kawai." Da na ji kuɗin awar nan sai da na sake tambaya, ko kunnena ne. Maiɗakina kuwa ta ce, "Awa guda? Dokin za a koya wa magana?" Abin da ya kai ni, gaskiya, son sani ne. Ina so in ga me mutum zai iya yi a awa ɗaya da har manyan mahaya ke bin layi wata da watanni. Ni ma alfarmar 'yarka ce ta sa ka matsa mini wuri ranar Alhamis da safe.

Ina tuna bargar kamar yanzu. Ɗakunan dawaki jere a hagu da dama, ƙamshin ingirici da na man fata, ragama da linzamai rataye a ƙusoshi, kowanne da alamar alli a ƙarƙashinsa. A tsakiya akwai da'irar yashi da aka kewaye da katako, da wata kujera mai ƙafa uku da aka tallafe da bulo. Ka taso daga kanta, ɗan tsoho mai gwamammun ƙafafu, ka amsa sallamata a taƙaice, ka wuce ni ka je wurin goɗiyar. Ka miƙa mata bayan hannunka ta shinshina. Ka zagaya ta sau biyu. Ka bi bayanta da tafin hannu, dama da hagu, a hankali, kamar mai neman ƙaya a cikin tufafi. Ka sa na sauke sirdin, ka kifa shi a kan katako, ka daɗe kana duba cikinsa da igiyoyin likkafa.

Ina tsaye ina duban agogo. Minti ashirin sun tafi ban ko taɓa likkafa ba.

Daga nan ka ce in hau. Ban cika zagaye biyu ba ta fara halinta, tana wurga kai tana gocewa gefe. Ka ɗaga hannu ka ce in sauka. Sai ka yi mini tambayar da har yau ban manta da ita ba.

"Mai ita na da, ƙafarsa ta hagu ce ba ta da lafiya?"

Yaya ya yi hatsarin babur yana ɗan shekara ashirin da biyu, gwiwarsa ta hagu ba ta sake lanƙwasuwa sosai ba. Ban faɗa maka ba, ban faɗa wa 'yarka ba, ni kaina na saba da ɗingishinsa har na daina ganinsa. Na ce, "Baba, ka san shi ne?" Ka ce ko sunansa ba ka taɓa ji ba. Na ce to yaya aka yi? Ka dube ni daga sama har ƙasa, ka ce, "Malamin makaranta ne kai, ko? Na ga alama. Zo ka gani."

Ka nuna mini igiyar likkafar hagu, inda hudar da ta fi cinyewa take ƙasa da ta dama da huda uku. Ka nuna mini cikin sirdin, ɓangaren dama ya fi lotsewa. Ka kama hannuna ka ɗora a bayanta, na ji naman gefe ɗaya ya fi na ɗayan tauri. Ka ce, "Shekara tara ba ta taɓa jin ƙafa a hagunta ba. Kai kuma ka zo ka matse ta da biyu, kana ja mata baki. Ba ta san me kake nema ba. Tsoro ne ke damunta, ba mugunta ba."

Don in gane maganar jan baki, ka cire ƙarfen linzamin ka ɗora a kan ƙashin ƙaurina, ka ja kaɗan. Na yi ƙara ban shirya ba. Ka ce rabin abin da nake yi mata ke nan, kuma bakinta ya fi ƙaurina taushi.

Sannan ka tambaye ni da me Yaya yake tsayar da ita. Na ce da linzami mana. Ka girgiza kai, ka ce mutumin da ƙafarsa ɗaya ba ta aiki yakan nemi wata hanya, kuma yawanci da baki yake yi. Ka ce in tuna. Na shiga laluben shekaru. Sai na tuna wani fito da yake yi, gaɓa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wanda da shi yake kirana daga filin ƙwallo muna yara. Ka ce in hau, in cire ƙafar hagu daga likkafa in bar ta tana lilo, in sassauta hannu, in bar ta ta tafi. Ta tafi sumul, kamar ba ita ba. Ka ce, "To, yi mata." Leɓena ya bushe, sau biyu iska kawai ta fita. A na uku fiton ya fito.

Ta tsaya cak. Ta juya kunnuwanta baya, sannan ta waiga tana duban ƙofar barga.

Ban san hawaye ya zo ba sai da na ji shi a gemuna. Kai kuwa ka juya mini baya, ka shiga gyaran wani katako da ba abin da ya same shi, har sai da na share fuskata. Wannan karamcin ban taɓa yi maka godiyarsa ba, domin na san za ka ce ba ka san zancen ba.

Sauran lokacin ka tsara mini yadda zan gabatar mata da ƙafar hagu kaɗan-kaɗan, taɓi ɗaya yau, biyu jibi, har wata uku. Da zan tafi na tambayi ranar da zan dawo. Ka ce, "Ba ka buƙata. In ka dawo, wurin wani za ka tare." Tun a hanya na kira dillali na ba shi haƙuri. Maiɗakina ta ce ba ta yarda ba sai ta gani da idonta. Ta tsaya a bakin fili da hannu a ƙirji har na yi zagaye goma na sauka da ƙafafuna. Yau ita ce ke ajiye wa Auta ɓawon kankana, kuma ita ce ke yi mini faɗa in na makara da ba ta ruwa.

Na dawo duk da haka, ba don darasi ba. Nakan zo ranar hutu in jingina da katako ina kallo, in ka sami sarari in yi ta tambaya. Me ya sa doki ke barci a tsaye? Me ya sa wannan ke ƙin mai hula? Sau da yawa kakan ce, "Ban sani ba, mu duba." Ban taɓa ganin gwanin da ke faɗar wannan kalma da sauƙi kamarka ba. Kuma ashe ka fi ni son tambaya. Ka sa na zana maka a kan yashi dalilin da ya sa doki ke ƙara gudu in mahayi ya ɗago daga sirdi ya duƙa gaba, abin da ka shekara ashirin kana yi da jikinka. Ka daɗe a tsugune kana duban zanen, ka hana kowa takawa har yamma.

Zuwana na ƙarshe wurinka, kana kwance a asibiti, ka rame, robar ƙarin ruwa a hannunka, muryarka ta yi ƙasa. Na zaci wasiyya za ka yi da ka yafito ni. Ashe tambaya ce. Ka ce ka daɗe da lura cewa dawaki sun fi ture jan katako in an gitta shi a kan ciyawa, shin doki yana ganin launi yadda muke gani? Na ce zan bincika. Ranar Litinin na samu: masana sun ce doki yana rarrabe shuɗi da rawaya, amma ja da kore suna rikice masa. Na rubuta a takarda na sa a aljihu, da niyyar in kawo maka ranar Laraba. Kwana ɗaya ya raba mu. Na san da ka yi dariyar nan taka marar sauti, ka ce to a sayo shuɗin fenti.

A wurin zaman makoki na kasa barin halina. Na bi mutane ina tambayar kowa me ka koya masa, kuma ban sami biyu da suka faɗi abu ɗaya ba. Wata 'yar sanda ta ce ka gano tana riƙe numfashi duk sanda ta tsorata, ka sa ta yi ta ƙirge da ƙarfi a kan doki har ta daina. Wani zakaran tsere ya ce ka karɓe bulalarsa ka ce ya zo ya amsa bayan shekara, da shekarar ta cika bai je ba, domin ya daina buƙatarta. Wani ɗan kasuwa mai ƙiba ya ce bayan minti goma ka ce masa ya sayar da dokin ya sayi keke, domin ba dokin yake so ba, a gan shi a kai yake so. Ya ce ya yi wata biyu yana fushi da kai, amma har yau yana hawan keken. Muka yi dariya a wurin da ba a saba dariya ba, 'yarka ma ta yi, tana share ido.

Allah Ya jiƙanka, Baba Gajere. Ka tausaya wa dabbobin da ba su da bakin kai ƙara, Allah Ya tausaya maka fiye da haka. Ka rufa mana asiri a lokacin rauninmu, Allah Ya rufa naka ranar tsayuwa. Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Inna, wadda ta shekara hamsin tana wanke tufafi masu gashin doki ba ta gaji ba, ga 'yarka likita da 'yan'uwanta maza biyu, ga jikokinka, ga ma'aikatan barga, waɗanda washegarin jana'iza suka fito da asuba suka ba dawaki abinci, domin sun san abin da za ka fara tambaya ke nan, da dukkan ɗalibanka, na shekaru da na awa guda. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.