Fim ɗin da Nake Rufewa da Faifai

Shekarun baya da yawa, lokacin da bidiyo ya fara shiga gidajen birnin Zariya, ni ce mace ta farko a layinmu da ta mallaki nata. Ba saye na yi ba. Maigidana ne ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka raba gado, ƙaramin talabijin da bidiyon da kwali ɗaya na kaset suka faɗo cikin tumunin takabata. Na kwaso su daga Tukur-Tukur na dawo gidanmu, wajen mahaifiyata da yayana, wanda shi ne babba tun bayan rasuwar mahaifinmu.

Matan layinmu yawancinsu a kulle suke, amma ana barin su shiga maƙwabta. To da an yi azahar, in dai akwai wuta, ɗakina ya cika ke nan. Wata ta zo da saƙar hularta, wata da gyaɗar ɓara, wata da goyo. Ni ce mai fassara. Turancina bai wuce na firamare ba, amma abin da ban ji ba sai in ƙirƙiro, kuma babu mai kama ni.

Cikin kaset ɗin nan akwai wani tsirara, ba kwali ba suna. Fim ne na Turawa, wai na ban tsoro. Wata mata ce mai jan farce zaƙo-zaƙo a wani tsohon bene, tana yi wa maza fari da ido, su biyo ta, sai ta rikiɗa ta zama dodo ta cinye su. Da gani ka san da kuɗin cefane aka shirya shi. Jinin kamar manja, dodon na roba ne kuma da agogo ɗaure a hannunsa, ga wani bawan Allah da ya mutu sau biyu, karo na biyu da gashin baki na jabu.

Ni kaɗai na fara kallonsa, na tarar da wurare huɗu da mai kunya ba zai kalla kusa da uwarsa ba. Har na ɗauke shi zan jefa a masai. Abin da ya hana ni shi ne, ragowar fim ɗin ya sa ni dariya har da hawaye, kuma tun ranar da aka fita da gawar mijina ban yi dariya ba sai ranar. Sai na zauna na haddace wuraren. Kowanne akwai wata busar sarewa da ke riga shi zuwa. Da na ji sarewa, sai in kashe murya, in kifa faifan rufe ƙwarya a fuskar talabijin, ya rufe shi ruf.

"To nan me ake yi?" haka suke tambaya.

"Sun shiga gaishe da surukai," in ce.

"Yau dai gaisuwar ta yi tsawo," in ji aminiyata, wadda katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da tsakar gidansu. Ɗaki ya kwashe da dariya. Sun san ƙarya nake yi, na san sun sani, kuma ba wadda ta taɓa cewa in ɗaga.

Muka sa masa suna Mai Jan Farce. Har finafinan Indiya ya ture. Kowa da ra'ayinta. Mahaifiyata cewa take matar nan ba ta da laifin komai, duk wanda ta cinye da ƙafarsa ya je, kuma ya bar tasa a gida. Wata tsohuwa mai kawo mana itace daga ƙauyen bayan Kufena ta ce raini ne, ita ta taɓa ganin aljana ido da ido, kuma aljana ba ta sa takalmi mai tsini. Akwai wata amarya da kullum sai ta rantse ba za ta ƙara zuwa ba don ta kasa shiga banɗaki ita kaɗai, gobe kuma ita ce ta farkon shimfiɗa tabarma. Aminiyata kuwa agogon dodon ne nata. Da ya fito za ta ce, "Ku tambaye shi ko la'asar ta yi!"

Ita ce kuma ta jawo mana, ba da nufi ba. Tana zuba wa mijinta tuwo tana ba shi labarin dodo mai agogo, sai ya ajiye loma. Washegari da hantsi yayana ya aiko a kira ni zaure.

Na sa mayafi na fita, na durƙusa na gaishe su. Mijin aminiyata na zaune ya cika ya batse. Yayana bai ko amsa gaisuwata ba.

"Ke, ashe batsa kike tara matan mutane kina nuna musu a gidan ubanmu? Yau ɗin nan za a fitar da na'urar nan. Na riga na yi magana da mai saye."

Na ce, "Yaya, wace batsa?"

Maƙwabcin namu ya karɓe. "Kar ki raina mana hankali, Malama. Ba shi ne wanda take tuɓewa a bakin matakala ba? Ga na cikin bahon wanka, ga wanda..." Haka ya jero su huɗu cif, a jere yadda suke zuwa, ko ni da na haddace ban fi shi ba.

Na bari ya dire. Sannan na ce, "Malam, a ɗakina ka ga waɗannan?"

"Labari aka ba ni."

"Wa ya ba ka? Iyalinka dai faifai ta gani."

Sai ga muryar mahaifiyata daga bayan ƙofa, ashe tana tsaye. "Ni sau bakwai na kalle shi, ban ga bahon wanka ba. Wanda ya ba ka labarin nan ya fi mu samun wurin zama mai kyau."

Kowa a unguwar ya san akwai wani gidan kallo a wajen ganuwa inda ba a kifa wa kowa faifai. Ba wanda ya ambata. Mutumin ya miƙe yana kaɗa babbar riga, yana faɗa, wai an ci masa mutunci, wai bazawara ce za ta yi masa tambayar alƙali. Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Kafin ya fita ya juyo ya ce matarsa ba ta ƙara taka gidanmu, in kuwa ta taka, a bakin aurenta.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Yayana ya sauke murya ya ce, "Na ji, kin rufe wa mata ido. Ke wa ya rufe miki naki?"

Kunya ta kama ni, amma na riga na hau. Na ce, "Yaya, shekara tara na yi a ɗakin miji, 'ya'yana uku. Kuma mai tsintar shinkafa ai dole ta ga tsakuwa."

"Ko da gaskiyarki, bakin mutane fa? A fitar da ita a huta."

Nan ne na ji raina ya ɓaci da gaske. Na san in aka ga ana fita da bidiyon nan daga gidanmu a ranar, shi ke nan, an buga mini hatimi. Har 'ya'yana sai an goranta musu. Na ce, "Wannan gadona ne, Allah ne ya yanka mini, ba kyautar kowa ba ce. Ba ta fita. In ka matsa sai ta fita, ni zan ɗauke ta a ka da tsakar rana, in bi layin nan gida-gida ina faɗin abin da aka faɗa a zauren nan da wanda ya faɗe shi."

Ban taɓa ɗaga wa yayana murya ba sai ranar. Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya sa takalmi ya fita. Har aka yi babbar salla iyakarmu "ina kwana", "lafiya". Mata biyu ma mazansu sun hana su zuwa. Ragowar suka ci gaba, amma ɗakin ya yi sanyi. Dodo zai fito da agogonsa, sai kowacce ta dubi inda aminiyata ta saba zama. Wallahi abin ya ci ni.

Wata rana na tashi na ja teburin talabijin zuwa jikin tagar da ke kallon katangar su aminiyata, na wangale tagar. An hana ta shigowa, ba a hana ta zama a tsakar gidanta ba. Na sa kaset, na ware murya ina fassara kamar mai shela a kasuwa. Mahaifiyata ta ce, "Ke lafiyarki?" Ban kula ta ba. Da dodon ya fito na ce da ƙarfi, "Ga mutumin nan ya fito!"

Sai daga bayan katanga aka ce, "Ku tambaye shi ko la'asar ta yi!"

Shekara uku muka yi a haka, har suka tashi daga unguwar. Ba ta ƙara ganin ko hoto ɗaya ba, amma ba ta rasa rana ɗaya ba.

Fim ɗin na banza ne, ban taɓa musun wannan ba, kuma ba zan ce wa kowa ya neme shi ba. Ba shi na tsaya wa ba. Na tsaya ne don ban yarda wanda ya kalli abin da na ɓoye ya zo ya koya mini kunya ba. Da za a maimaita, maganar da na yi a zaure ita zan sake yi, ba zan rage ko harafi ba.

Yanzu jikokina kullum cikin ƙorafi suke, wai Hajiya ba ta iya magana a hankali ba, ko gishiri zan ce a miƙo sai maƙwabta sun ji. Nakan ce musu to su ji mana. Aminiyata ta daɗe da rasuwa, amma ni har yau ban iya sauke muryar ba.