Tsamiyar Ƙofar Gidanmu a Wayar Malam

Mun bar gida ana idar da sallar asuba, ni da Malam, da ƙullin dafaffen rogo, da sabuwar tsintsiya. Ni ban shiga aji ba, saboda haka ni ke faɗa shi yake rubutawa, kuma na ja masa kunne kada ya gyara inda ya shafe shi.

Ga abin da ya tashe mu. Yayata Hajara, uwa ɗaya uba ɗaya, tana kwance a Makoda, jiki ya yi nisa. Ba ta nemi kaza ba, ba ta nemi magani ba. Cewa ta yi tana son ta ƙara ganin tsamiyar ƙofar gidan Babanmu a Watari. Gidan ya daɗe da rushewa, ya zama gona, kanal ɗin ban ruwa ya bi ta gabansa. Malam kuwa tun da ɗanmu ya aiko masa da waya mai hoto babu abin da ya tsira, rumbu ne, kwalbati ne, har jakin maƙwabta. Ya ce shi zai je ya ɗauko mata hoton tsamiyar. Na ce ba shi kaɗai ba, don na ga irin aikinsa, duk hoto sai ka tarar da bola a gefe. In za a ɗauki mutum hoto, wanka yake yi ya sa kayan kirki ya rufe bakinsa. Ban ga abin da zai sa a ɗauki wuri da dauɗarsa a kai wa mara lafiya ba.

Tashar Ɗambatta

Mun sha koko da ƙosai a tsaye, kokon tsararo. Kwandasta ya ga tsintsiya ya ce, “Inna, aikin shara aka samu a Bichi?” Na ce da motarsa zan fara. Sai ga shi yana kaɗe mini kujera da hularsa. Kafin mota ta cika Malam ya ɗauki hoton tayar baya, da mai shayi, da wata tunkiya da ba ta yi masa komai ba.

A hanya muka tarar da shingen jami'ai. Na ga hannun Malam yana tasowa da waya, na fizge ta na zauna a kanta. Jami'in ya leƙo yana gaishe ni, sai wayar ta kama kiɗa a ƙarƙashina. Ban motsa ba. Ya dube ni, na dube shi, ya ce a sauka lafiya. Sai da muka canja mota a Bichi na mayar wa Malam abinsa, da ɗumi.

Watari

Daga inda mota ta ajiye mu acaba biyu muka hau. Na gaya wa nawa in ya wuce gudun keke zan sauka in kai ƙararsa gidansu. Mun isa rana ta take. Ko'ina kore shar, albasa da tumatur da masara, ruwa na gudu a kanal kamar an aike shi. Da ba don tsamiyar ba da ban gane wurin ba.

Tana nan, ta ƙara ƙiba. Amma gindinta! Awaki kwance, buhunan taki, tsohon injin ban ruwa, ga wando an shanya a reshen da muke lilo. Mai gonar yanzu, wani bawan Allah Ɗanladi, ya zo muka gaisa na faɗa masa ko 'yar wace ce ni. Ya ce a ɗauka mana, ai ba komai. Na ce akwai komai.

Na sa ya janye injin ya kwashe buhuna ya sauke wandonsa. Na ɗaure zane na kama shara. Awakin nan in na kore su ta gabas sai su ɓullo ta yamma, akwai wata ja da ta raina ni ƙwarai. Na ɗebo ruwa na yayyafa. Da na ga ganye na yawo a kanal, na ba Malam sanda ya tsamo. Garin sunkuyo hularsa ta faɗa, ruwa ya ja ta. Mutumin nan bai bi ta da sanda ba, da waya ya bi ta, yana cewa ai ba kullum ake samun irin wannan ba. Hula dai ta tafi gonar wani.

Da wurin ya yi fes na ga ya yi fayau da yawa, sai na tura Ɗanladi gida ya sako babbar riga ya tsaya jikin bishiyar. Ya fara murmushi na hana. Aka ɗauka bayan la'asar, na duba da idona na ce ya yi.

A ɗakin mahaifiyar Ɗanladi na kwana. Tuwon masara miyar kuka, ba laifi, gishiri ya ɗan yi gaba. Sauron Watari kuma ko tsintsiya ba ya tsoro.

Makoda

Washegari muka juyo ta Bichi, muka shiga Makoda da azahar. Aka tayar da Yaya aka jingina ta da filo, na miƙa mata waya ina jiran yabo.

Ta daɗe tana kallo. Ta tambaya ko harabar asibiti ce. Ta tambaya wane ne wannan mai babbar riga da ya tsaya kamar an yi masa rasuwa. Na ce tsamiyarmu ce, gyara ta na yi. Ta ce tamu ba ta taɓa zama haka ba, ta miƙo wayar ta juya fuska bango.

Na karɓi wayar. Na yi wuni guda ina share abin da ta aike ni in kawo.

Malam ya yi gyaran murya, ya matsa ya ja yatsa a kan gilashin. Ashe duk lokacin da nake fama yana bayana yana aikinsa. Ga ni a duƙe, zane ɗaure a ƙugu, hannu ɗaya a kwankwaso, tsintsiya a sama, jar akuyar nan ta tsaya tana kallona, shara ko'ina.

Yaya ta kai wayar dab da idonta.

“Inna ce,” ta ce. “Ga Inna tana korar awakin Baba.”

Na ce ni ce.

“Yi mini shiru, Larai, ina kallon uwata.”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta aka ba ta ruwa. Ta ce a sake nuna mata, aka sake. Da za mu tafi ta tura wayar ƙarƙashin filo ta ɗora kai. Malam ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Gida

Mun iso ana kiran magariba, Malam ba hula ba waya, hannunsa sai laluben aljihu yake duk inda ya ga kwalbati. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Ɗanladi da mahaifiyarsa, a kuma gaya masa yana iya mayar da wandonsa.

Da safen nan Malam ya tambaye ni yaushe za a dawo masa da wayarsa. Na ce kada ya yi fatan ranar.