Yaya Sabi'u da dokin ƙofa

Duk wanda ya taɓa ziyartar gidanmu a Makarfi ya san rakiyar Yaya Sabi'u. Ba ya sakin hannun baƙo sai ƙafafunsa biyu sun tsallake dokin ƙofar zaure. Kawu Idi ya taɓa tsayawa da ƙafa ɗaya a waje yana gaisuwa, Yaya ya riƙe masa babbar riga.

"Kawu, ko ku shigo ko ku fita. Nan ne wuri mafi haɗari a gida."

"Kai Sabi'u, rijiya kuka haƙa?"

Daga aikinsa ya kwaso abin. Yana cikin masu gyaran kanel, wato uwar manhajar da ke riƙe da kwamfuta gaba ɗaya. Wata rana ina tuƙa tuwo na tambaye shi me ya hana shi cin abinci tun damina.

"Hauwa, ƙaramar manhaja takan shiga wurin kanel neman taimako, kamar baƙo. An gama, sai a mayar da ita inda ta ce ta fito. To idan adireshin da ta bari na banza ne, a bakin ƙofa za a yi tuntuɓe, kuma hannun kanel na riƙe da ita. Laifin wa?"

Na ce na mai rakiya.

Ya dafe kai kamar na yi saɓo. "Haka kanel ɗin ke zato! Sai ta ɗauka ita ce ta lalace, ta tsayar da komai. Ni so nake ta gane baƙon ne ya faɗi. A ji da shi kaɗai, gida ya ci gaba."

Ranar sunan ɗiyata Gwaggo Talatu ta zo daga Gazara, ta zame a wannan dokin ƙofar da ƙwaryar fura. Mata suka saki taɓare, tukunya na ƙauri, kowa salati. Sai ga Yaya yana ɗaga ta, yana ɗaga murya: "Ku koma aiki! Gwaggo ce kaɗai ta faɗi, ba gida ba." Na so ƙasa ta haɗiye ni. Bai tsaya nan ba, ya duƙa ya leƙa ƙafarta: ashe takalmin wata ta zura, ya yi mata yawa.

"Gwaggo, da kayanki kika zo."

"Ɗan nema, da na zane ka tun kana yaro da ba haka ba."

Har yanzu ban gama yarda Yaya ya rasu ba. Wata rana da safe ya yi sallama zai je Ikara, Inna ta tsayar da shi a zaure ta ba shi mazarƙwaila ya kai wa ƙanwarta. Kafin azahar aka kawo mana gawarsa, hatsarin mota. Tun ranar Inna take cewa da ba ta ɓata masa lokaci ba, da bai shiga wannan motar ba. Ta daina ci, ta daina fitowa tsakar gida.

Inna, ku kuka rako shi, amma ba ku kuka kayar da shi ba. Wa'adinsa ne, da shi ya fita. Da yana nan da ya ce mu koma aiki. Ga kunu na dama, ku daure ku sha.

Allah Ya yafe wa Yaya, Ya riƙe hannunsa har ya tsallake.