Ɗayan da Ya Faɗi a Layi na Tamanin da Bakwai

A ofis muna kiransa Baba Riƙe-Ɗaya, domin ba ya iya aiki baki a rufe. Idonsa na kan kwamfuta, leɓensa na motsi: rubuta shida, riƙe ɗaya. Shekara goma sha ɗaya teburina yana manne da nasa, na haddace tarinsa da ƙarar kujerarsa, har da warin man zafin da yake shafa wa gwiwa.

Kamfaninmu makullan ƙofa yake ƙerawa, irin waɗanda ake buɗewa da kati. Kafin makulli ya yarda da kati sai ya ninka wasu lambobi masu tsawon tsiya, kowace ta fi layin littafi tsawo. Ɗan injin da ke cikinsa kuwa ƙaramar lamba kaɗai yake iya ɗauka a lokaci guda. Don haka ake yanka doguwar lambar gunduwa-gunduwa, a zuba kowace a gurbinta, a ninka su ɗaya bayan ɗaya kamar lissafin firamare, abin da ya yi rara a miƙa wa gurbi na gaba. Layuka ɗari da arba'in ne suke wannan aiki, cikin yaren kwamfuta da ake kira C, kuma Baba ne ya rubuta su tun gashinsa baƙi.

Da su yake taƙama, ba shi da wata. Bai taɓa neman ƙarin girma ba. Gidan haya mai ɗaki biyu ya zauna, shi da maiɗakinsa mai ɗinkin labule, suka aurar da 'ya'ya uku. In aka taɓa layukan nan ne kawai za ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Da sabuwar shugabar sashenmu ta zo, ta ce a cire su a sa wata manhajar da duniya ke amfani da ita, ya tsaya kai da fata. Ya ce shekara goma sha tara makulli bai taɓa ƙin mai ɗaki ba saboda lissafinsa, kuma an gwada shi da lambobin da aka zaɓo barkatai sau miliyan nawa. Ta gaji ta ƙyale shi. Ni dai a lokacin gani nake taurin kai ne irin na tsofaffi, kuma har yau ban janye duka ba.

Saura kwana huɗu ya yi ritaya aka ce ya rubuta mini bayanin aikinsa, tunda ni zan gaje shi. Wani da shafi ɗaya zai sallame ni. Shi kuwa ya sayo littafi mai bango ja, ya fere fensir, ya shiga bayyana kowane layi da kalmomi, kamar mai koya wa wanda bai taɓa ganin kwamfuta ba. Ranar Laraba da hantsi na ji shiru daga gefensa. Leɓen ya daina motsi. Ya kai layi na tamanin da bakwai, bayanin ya ƙi rubutuwa.

Ya jawo kujerata ya nuna mini a takarda. In rarar ta isa gurbi na gaba ta tarar da shi cike maƙil, sai shi ma ya tumbatsa, ya kamata ɗayan da aka riƙe ya ƙara wucewa gaba. Shi kuwa Baba a lissafinsa taki ɗaya kawai ya ba shi. Ɗayan nan faɗuwa yake yi, amsa ta fito a karkace. Sai dai kafin gurbi ya cika haka, sai an yi ninki wajen biliyan huɗu, shi ya sa gwajin barkatai bai taɓa cin karo da shi ba.

Na ba shi shawarar da nake jin kunyarta yanzu. Na ce ya bari ya tafi da mutuncinsa, bayan wata biyu in gyara a ɓoye. Bai ko kalle ni ba. Ya ɗauki takardar ya nufi ofishin shugaba, yana jan ƙafar nan mai ciwo, ni kuma na bi shi.

Ta karanta sau biyu. Ita ma tausayinsa ya kama ta.

"Baba, wannan ai da ka yi shiru babu wanda zai taɓa sani."

"Ai na sani, ranki ya daɗe," ya ce. "Gaskiyarki ce tun farko. Abin da ido dubu ya duba ya fi abin da idona biyu suka duba. A sa waccan manhajar."

Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya cire layukan da hannunsa. Ranar Juma'a, ana jera kujerun walimar sallamarsa a ɗakin taro, yana zaune yana haɗa sabuwar manhajar, ya gwada ta da lambar da ta kayar da tasa, ta ba da amsa daidai. A wajen walimar shugaba ta yi ta yabon shekarunsa, shi kuwa godiya kawai ya yi. Maiɗakinsa ta zo da jaka ta kwashe kofinsa da man zafin.

Littafin mai bango ja yana cikin durowata, rubutun ya tsaya a tsakiyar shafi. Muna da rajistar da ke nuna wanda ya canza kowane layi da ranar da ya canza. In ka nemi aikinsa na ƙarshe a ciki, abin da za ka gani shi ne ya goge layuka ɗari da arba'in.